Gwiwar Mai Shimfiɗa Tayil

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki, ya sake ki ko har yanzu yana nan yana mulkinsa? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wajena, ni da kika laƙaba wa suna Rediyo saboda ba na ajiye waya. To kin san gidanmu, ɗaki biyu da falo, in na yi tari a kicin ana ji a ƙofar gida. Mutumin da zan ba ki labarinsa kuwa yana kwance a falo yanzu haka, kunnensa a buɗe. Shi ya sa na ari biron ɗiyata na zauna a bakin gado.

Yaya, Baban yara ya ji ciwo a wurin aiki. Kada hankalinki ya tashi, yana ci yana sha, har faɗa yana yi.

Kin san shi da sana'arsa. Tun kafin ya aure ni yake shimfiɗa tayil, kuma doka ɗaya gare shi wadda ko mai ginin bai isa ya karya ba: in ya ɗora tayil a kan ɗanyen siminti, ba mai takawa sai ya kama. To ranar suna aiki a wani sabon gini shi da ƙanensa Dogo, yana shimfiɗawa yana ja da baya zuwa ƙofar baya, inda ya yi niyyar fita. Ashe masu fenti sun kulle ƙofar sun tafi da mukulli. Ya waiga ya ga layi uku na sabon tayil tsakaninsa da ɗaya ƙofar. Dogo ya ce ya dakata a kawo katako a gitta masa, bai dakata ba. Mutum mai furfura a gemu, uban yara huɗu, ya daka tsalle kamar ɗan makaranta. Ya tsallake tayil ɗin tas, ko gefe bai taɓa ba, amma ƙafar dama ta sauka a karkace, jikin ya juya ita ta tsaya. Dogo ya rantse mini daga inda yake ya ji ƙarar, ɗas, kamar an tsinka igiyar shanya.

Da suka kawo shi gida gwiwar ta kumbura ta yi suntum, wandon ma sai da almakashi na yanka shi. Kin san abin da ya fara faɗa yana zufa yana cije leɓe? Wai Dogo ya koma ya tare ƙofar ɗakin da bulo kada wani ya shiga ya taka. Na tsaya da almakashi a hannu ina kallonsa baki sake.

A asibiti hoton farko ya nuna ba karaya. Ya yi murna, ya ce ai dama ya faɗa, targaɗe ne, ya miƙe zai nuna mana. Gwiwar ta zame masa nan take, da Dogo bai tare shi ba da ya sha ƙasa. Aka sa shi cikin wata na'ura mai kama da rami aka sake ɗaukar wani hoton. Likitan ƙashi ya zaunar da mu ya ce akwai wata jijiya mai kauri a can tsakiyar gwiwa, ita ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kada su zame wa juna. Ita ce ta tsinke gida biyu, kuma wai ba ta haɗewa da kanta. Za su yanko wata jijiyar daga bayan cinyarsa, su huda ƙashi sama da ƙasa, su zura ta su ɗaure da ƙusa. Ni ina jin an ce huda ƙashi na fara salati. Shi kuwa ya gyara zama yana tambayar likita wace irin ƙusa ce, kuma tsawon wane lokaci aikin yake ɗauka kafin ya kama.

Akwai babban aiki da ke jiransa, ɗakin taro na wata sabuwar makaranta, irin wanda ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi. Sun ce za su jira shi, don ginin bai kai nan ba tukuna. Amma Yaya, sana'arsa duk a gwiwa take, daga safe zuwa yamma a durƙushe yake. In gwiwar nan ba ta koma ta durƙusa ba, ban san yadda zai rayu da kansa ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rediyo

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kuna lafiya. Na ji autanki ya fara tafiya, sai ki ɗauke duk abin da ke fashewa ki kai sama, ranarki ta zo.

An yi aikin, an kuma yi nasara, alhamdu lillahi. Ƙananan huji ne a gwiwar da ɗan yanka a gefe, ni da na zata zan ga an buɗe ƙafar kamar buhu. Likita ya ce sabuwar jijiyar ta zauna daram.

Abin da ya girgiza ni shi ne abin da ya biyo baya. Washegari, ɗinki ko bushewa bai yi ba, sai ga wata 'yar siririyar mata da farar riga, wai ita ce mai gashin ƙashi. Ni na zata ruwan zafi za ta kawo. Ashe aikinta motsa gaɓoɓi ne. Ta ce ya miƙe ƙafar sosai har bayan gwiwar ya taɓa katifa, ya ɗaure naman cinya ya sake, sannan ya jawo diddige zuwa jikinsa a hankali. Kafin azahar ta tsayar da shi a kan sandunan dogarawa, wai ya taka kaɗan. Yaya, mutumin da aka huda wa ƙashi jiya! Ina ganin jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ita kuwa ko a jikinta, sai cewa take ya ƙara, ya ƙara. Tun ranar ya sa mata suna 'Yar Murɗiya.

Bayan an sallame mu mun je wurinta 'yan lokuta. Ɗaki ne mai gadaje masu tsawo da kekuna marasa tafiya, kowa a ciki yana nishi. Duk ranar da muka je sai gwiwar ta kumbura ta yi zafi, mu kwana muna ɗora ƙanƙara. Zuwan ƙarshe da muka yi, ta kama ƙafar ta lanƙwasa har ya yi ƙara, ƙarar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Muna shiga gida ya ce shi da wurin nan har abada.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce likitan gwani ne, ya yi aiki mai kyau, amma yarinyar nan za ta lalata shi. Ya ce a duniya ba abin da ake kafawa yau a girgiza shi gobe. In ka taka tayil siminti na ɗanye, a ido ba za ka ga komai ba, sai bayan shekara ka ji yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ya saki. Wai ƙusar da ke cikin ƙashinsa haka take, a bar ta ta kama tukuna, in ya so daga baya a lanƙwasa duk yadda ake so. Na ce ai likita da bakinsa ya ce a je gashin. Ya ce likita bai ga irin murɗar da ake yi ba, kuma shi zai koma da ƙafarsa in ta kama, su gani da idonsu.

Ya sa Dogo ya kawo masa katako biyu masu santsi. Ya ɗora gwiwar a kan filo don ta ɗan lanƙwashe yadda ba ta ciwo, ya sa katakon hagu da dama, na ɗaure masa da tsohon zanena. Har ma'aunin nan nasa mai ruwa a ciki, na duba daidaiton tayil, ya ɗora a kai, yara suna ta dariya. Ya kafa doka ba mai zama a kujerar da yake kwance, ba mai gudu a falo.

Gaskiya tun da ya yi haka kumburin ya sauka, ciwon ya tafi, yana barci, ya dawo da tsokanarsa. 'Yar Murɗiya ta yi ta kiran wayarsa, ya ƙi ɗauka, ta kira tawa na ce mata yana samun sauƙi, don kuwa abin da idona ke gani ke nan. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin aikin da ya ce zai kama ya ƙi kamawa ba. Sai dai wani lokaci in ina share ƙarƙashin kujerar, na kan tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon ƙafar nan a ɗaure, ban san dalili ba.

A gaida maigidan da yara.

Taki,
Rediyo

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajeriya ce.

Amsarki ta iso tuntuni, inda kika ce in kai shi asibiti ko da ja ne. Na karanta masa, ya yi dariya ya ce a gaya wa Yaya ta bar wa masu gini gininsu. Ranar komawa wurin likita ta zo ta wuce, ya ce da saura. Sai da aka shafe fiye da wata biyu, ran nan da safe ya ce yau aiki ya kama, a kwance.

Ya yi wanka ya sa sababbin kaya. Ya tara yara da Dogo a falo kamar za a buɗe sabon gida. Na kwance zanen, Dogo ya zare katakon. Yaya, cinyar nan da kika sani ta zama kamar hannuna, fata ce kawai a kan ƙashi. Ya ce ba komai, nama ne, zai dawo. Ya sauko da ƙafar ƙasa, ta sauko yadda take a kan filo, a ɗan lanƙwashe. Ya yi ƙoƙarin miƙe ta, ta ƙi. Ya yi ƙoƙarin naɗe ta, ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya cak. Ya sa hannu biyu ya danna, Dogo ya kama diddige ya ja, kamar ana jan ƙarfen da aka binne a kankare. Ƙaramar ɗiyarmu ce ta fara kuka, sai a lokacin na ga fuskarsa ta canja.

A ranar muka tafi asibiti. Likita ya gwada ƙafar, ya sake gwadawa, ya tambaye mu sau nawa muke zuwa gashi a mako. Da Dogo ya yi masa bayanin katakon, likita ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana kallon Baban yara. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce sabuwar jijiyar lafiyarta lau, ta kama fiye da yadda ake fata. Amma gwiwa ba daɓe ba ce, ƙofa ce, motsi ke raya ta. Da aka bar ta wuri ɗaya, wani irin nama mai tauri ya tsiro a ciki ya cika duk inda ya kamata a samu sarari, ya liƙe komai da komai. Ciwon da yake ji a wurin gashi, wanda ya gudu daga gare shi, shi ne maganin.

Yaya, duk lallaɓawar nan, duk hana yara gudu, abinci har kujera, ashe muna zaune ne muna gadin abin da ke cinye ƙafar. Kowace safiya sai ya shafa katakon ya ce saura kaɗan.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da 'Yar Murɗiya a baranda. Ta dubi yadda yake jan ƙafar, ta dafe baki, wallahi sai ga hawaye a idonta. Yarinyar da muka ɗauka ba ta da imani. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya gaishe ta da Malama.

Za a sake shiga da shi. Za su sa masa barci su kankare naman, su lanƙwasa ƙafar da ƙarfi. Na tambayi likita ko zai koma ya durƙusa. Ya ce tafiya dai yana sa rai, sauran ba zai yi mini alkawari ba. Tun da muka dawo Baban yara bai ci abinci ba, ya juya fuska bango.

Ki yi mana addu'a, Yaya, ki sa yara ma su yi.

Ƙanwarki

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gida, yaya ƙoƙari? Saƙonki na man shafawa ya iso, Allah ya bar zumunci.

An yi aiki na biyu. Yanzu kusan kullum muna wurin Malama, sunan da ya koma kiranta ke nan, wancan sunan ko yara ya hana su faɗa. Abin da ta yi masa a da wasa ne a kan na yanzu. Tana kwantar da shi rub da ciki ta tura diddigen zuwa baya, shi kuma ya cusa tawul a baki. In ta gama wannan sai ta ɗora diddigen a kan wani abu, ta bar gwiwar a sama ba abin tokare ta, ta aza mata jakar yashi don ta miƙe. Filo a ƙarƙashin gwiwa kuwa ta ce ko a mafarki kada ta ji.

A gida ni ce Malama. Safe da yamma nake hawa gado in kama ƙafar mijina in tura har sai na ji jikinsa yana karkarwa. Ranar farko na saki na fashe da kuka. Ya ciro tawul daga baki ya ce in ina ƙaunarsa in tura, tausayi ya ishe shi haka. Ni da ban iya ganin ana yi wa yaro allura ba, ki ga abin da na koma.

Mutumin ya ba ni tsoro ta wata hanyar kuma. Taurin kan da ya sa a katako shi ya juyo da shi nan. In an ce ya yi goma sai ya nemi yin talatin, har Malama ta ce in ya ƙara za ta kore shi, don wuce gona da iri ma ɓarna ne. Ƙafar tana miƙewa kusan duka yanzu. Naɗewar ce ke tafiya kamar ba ta so, yau a samu kaɗan, gobe a wayi gari ta koma. Ya ajiye sanda ɗaya, yana zagaya tsakar gida da ɗayar.

Masu makaranta sun aiko, ginin ya kai, suna tambaya ko su ci gaba da jira. Ya ce su ƙara masa lokaci kaɗan. Dogo ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Ki gaida mutanen gida.

Rediyonki, wadda batirinta ya yi sanyi

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai godiya. Na daɗe ban rubuto ba, ban san ta inda zan fara ba ne.

Yana tafiya yanzu ba sanda, in ba kin lura sosai ba ba za ki ga ɗingishin ba. Yana hawa bene, yana zama a kujera kamar kowa. Likita ya ce wannan ma ba ƙaramar nasara ba ce. Malama ta ce naɗewar ta kai inda za ta kai, watakila a ɗan ƙara nan gaba, amma ba da yawa ba. Ya ji ta, ya yi godiya.

Shekaranjiya da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina wanki a waje. Na daɗe ban ji motsinsa ba, na leƙa falo ba ya nan. Na shiga kicin, sai na gan shi a ƙasa. Na ƙwalla ihu na yar da bokiti, na zata faɗuwa ya yi. Ya ɗaga mini hannu wai in yi shiru.

Yaya, a durƙushe yake. Wai yana wucewa ya ji wani tayil kusa da wurin wanke-wanke yana ƙara kamar ya saki, sai ya sauka ya duba. Ya sauka da kansa, ba wanda ya taimake shi. Na buɗe baki zan yi guɗa, sai na dube shi da kyau. Duk nauyinsa a kan gwiwar hagu yake, ta daman ta tsaya a gefe a karkace, hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan ya riƙe ƙafar tebur. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Shayin da ya shigo da shi yana kan tebur ya huce har ya yi fata. Ya fi ƙarfin rabin awa a wurin yana ƙoƙarin tashi, ina nan bayan taga, bai kira ni ba.

Na durƙusa kusa da shi. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗin da ɗan yatsa ya ce ya saki, gyaran minti kaɗan ne. Sannan ya ce mai tayil yana sauka ya tashi fiye da sau ɗari a yini, hannunsa ɗauke da kaya. Muryarsa ƙalau, kamar yana ba ni saƙon cefane. Ya ce in kira Dogo ya zo ya ɗauki injin yanka da gudumar roba da sauran kayan, ya je ya gaya wa masu makaranta kada su ƙara jira, shi Dogon ne zai yi musu aikin. Ya ce a gaya masa ya fara daga tsakiyar ɗakin, kada ya fara daga bango, don bangon wurin ba daidai yake ba.

Na ce to. Ni da kika sani da baki, kalmar da na iya samu ke nan.

Daga nan ya miƙo mini hannu biyu ya ce in ɗaga shi. Tun da aka kawo ni gidan nan shi ke ɗaga kaya, shi ke ɗaga yara, ranar da na zame da tsohon ciki shi ya ɗauke ni cak har mota. Na sa hannuwana a ƙarƙashin hammatarsa, na tattara duk ƙarfina don na san nauyin mijina. Sai ya taso mini a sauƙaƙe, Yaya, har na kusa faɗuwa baya. Bai yi nauyi ba ko kaɗan. Muka tsaya a tsakiyar kicin riƙe da juna, ya kifa kansa a kafaɗata, ni ban sake shi ba, shi ma bai ce in sake shi ba.

Dogo ya zo jiya ya kwashe kayan. In kin samu hali ki zo, ko na kwana biyu ne. In kin zo kada ki yi masa jaje, ki tsokane shi yadda kika saba.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rediyo